Odessa Tillery, Sufeton da Ta Ƙwace Lasisin Ƙaninta

Haihuwarta

An haifi Odessa Tillery ranar 9 ga Maris, 1941, a garin Harlow Bend da ke gaɓar kogin Mississippi. Mahaifinta Cleon Tillery ɗan beli ne, wato mai tsaya wa wanda aka kama a gaban kotu, ya karɓi kashi goma cikin ɗari na kuɗin belin ladansa. Mahaifiyarta Verlie kuwa ɗinki take yi. Odessa ce babba, sai ƙaninta Roscoe.

Karatu da fara aiki

Ta kammala sakandare a 1959, ta koyi buga tafireta, sannan ta zauna a ofishin mahaifinta da ke kallon ƙofar gidan yari. A zamanin nan duk wanda ya mallaki allon talla da tarho ya zama ɗan beli a jiharmu, babu jarrabawa, babu lasisi, babu mai tuhuma. Al'ada ce kuma duk watan Nuwamba, a Bikin Godiya, 'yan beli su kai wa gandurobobi gasasshen talotalo ta ƙofar baya. Wanda tsuntsunsa ya fi yawa, lambarsa ake nuna wa fursuna idan ya nemi waya, takardunsa kuma ba sa ɓata.

A 1966 aka kama wani makaniki, Alton Gaines, a kan faɗa. Matarsa ta tafi wurin wani ɗan belin mai sauƙi wanda bai kai tsuntsu ba, takardar sakinsa ta ɓace, ya kwana goma sha ɗaya a tsare har aka sallame shi daga aiki. Ranar da matar ta gaji ta shigo ofishin Tillery, cikin awa guda aka sako shi. Odessa ce ta buga takardar, ta kuma tambayi mahaifinta dalili.

"Dessa, ni na kama shi?" in ji shi. "Tsuntsu kawai na kai. Da ba na kaiwa, da ba ki sa takalmin nan ba."

A makon ta ajiye aikin, ta koma akawu a kotun gunduma.

Aurenta

Ta auri Lemuel Pruitt, mai aski, a 1968, suka zauna cikin rufin asiri har rasuwarsa a 2004.

Gwagwarmayar doka

Shekara goma sha huɗu tana tattara sunayen waɗanda takardunsu suka ɓata, tana aikawa majalisar dokokin jiha, ana ba ta amsar da har yau malalata ke ba mu: haka muka tarar. A 1982 aka kira ta shaida, ta karanta sunaye ɗari biyu da shida ɗaya bayan ɗaya, shugaban kwamiti ya tsayar da ita sau uku ba ta tsaya ba. A shekarar da ta biyo baya aka kafa dokar da ta wajabta lasisi da jarrabawa, ta kuma haramta duk wata kyauta ga ma'aikacin gidan yari. Aka naɗa ta sufeton 'yan beli na yankin kogi.

Nuwamba, 1991

Roscoe ne ya gaji ofishin mahaifinsu, da shi yake ciyar da 'ya'ya biyar da mahaifiyarsu tsohuwa. A wannan shekara aka kawo wa Odessa rahoton motarsa a ƙofar baya ta gidan yari da talotalo goma sha huɗu. Abokan aikinta suka ba ta shawarar ta kau da kai, tunda babu mai ganin laifinta. Ta tafi da ƙafarta, ta same shi yana cin abincin rana.

"Haba Yaya, talotalo ne fa, ba zinariya ba," ya ce yana dariya. "Ko dai naki ne ban aiko ba?"

"Cire lasisin daga bango, Roscoe."

"Mama za ki je ki faɗa wa da me zan sai mata magani?"

"Na riga na faɗa mata. Ta koma gidana da safe. Cire shi, ko in hau kujera in cire da kaina."

Ta hau kujerar. Ofishin da aka buɗe a 1938 ya rufe, Roscoe ya koma tuƙin motar katako, bai ƙara yi mata magana ba, har a jana'izar mahaifiyarsu gefe ya zauna. Daga wannan Nuwamba har ta yi ritaya a 2006, ba a sake jin takardar fursuna ta ɓata a gundumomi tara na yankinta ba.

Rasuwarta

Ta rasu ranar 2 ga Disamba, 2016, bayan jinyar ƙoda, tana da shekara saba'in da biyar. An binne ta kusa da mijinta a maƙabartar cocin Baptist na garin. Roscoe ya zo, ya kama akwatin gawar ta gefen hagu. Alton Gaines ya kama ta dama.

Ta rasu ta bar 'ya'ya uku, Darnell da Corliss da Yvette, da jikoki bakwai. Ta kuma bar kujerar sufeto, wadda mutum biyu suka ɗana bayanta, aka bar ta wayam tun 2012 wai don tsimin kuɗi. A Nuwamban bara an ga motoci uku a ƙofar baya ta gidan yarin Harlow Bend, kuma kowane mai mota yana da lasisi a bangon ofishinsa.