Takalmi Ɗaya, Saye Goma Sha Ɗaya

Tun safe mai sharar ofishin take satar kallonsa. Wani siririn baƙo ne mai gilashi ɗaure da zare, ya duƙufa gaban kwamfuta yana sayen takalmi a shafin wani kanti. Ya danna "saya", ya leƙa wani allon, ya ja tsaki, ya koma ya sake sayen takalmin nan dai. Sau goma sha ɗaya ta ƙirga. Na ƙafarsa kuwa ya wage baki kamar mai hamma.

Wayarsa ta yi ƙara, mai kantin ce ta kira, ya miƙe tsaye sai ka ce ana ganinsa.

"Hajiya, kar a saki tallan tukuna. Abin da na dasa don ƙirga masu saye ya yi kunnen uwar shegu, ina ta sayen gwaji, shiru. Don Allah kar ki ba wani aikin."

Mai sharar ta ce a ranta, wataƙila a gida uwarsa ta cika unguwa da labarin ɗanta injiniya.

Can sai ya dafe kai. "Wayyo, ashe ni ne!"

"Kai ne me, ɗan nan?" in ji mai sharar.

"Inna, talla yana damuna, na sa wa kwamfutata abin toshe shi. Shi ya hana ƙirgar."

Ta jingine tsintsiya, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe mai dafawa ba ya ɗanɗanawa. To, in ka gama, na sha biyun ka saya da gaske. Ƙafarka ta gaji da gwaji."