Battar Inna a Gindin Katanga

Akwai wata Asabar a gidanmu na haya da ke Glenwood da ba na jin za ta taɓa fita daga raina, ko da kuwa tsufa ya kwashe sauran.

Sai na fara da Inna, mahaifiyata. Ba ta taɓa son zamana a Amurka ba. Da matata ta haifi 'yarmu ta fari, Inna ta taso daga Funtuwa ta zo zaman jego, amma kullum cikin ƙorafi take: sanyi, rashin maƙwabtan hira, ga nama ba ɗanɗano. Ranar da za ta koma na roƙe ta ta sa wa zamana albarka, sai ta ce, "Allah ya dawo da kai gida." Iyakar abin da ta faɗa ke nan. Bayan rasuwarta maganar ta zauna mini a ƙirji, ina ganin zaune nake a ƙasar da uwata ba ta yarje mini ba.

Maƙwabcinmu wani dattijon Bature ne ɗan fansho, wanda ba shi da aiki sai yawo da injin gano ƙarfe a ƙasa. Ni dai ina masa kallon mai neman wahala, don yawanci marfin kwalba da tsohuwar ƙusa yake tonowa. Har Ingila yake zuwa yin wannan abu. Wata rana ya nuna mini wata 'yar kwalbar dalma da ya samo a wata gona a can, duk ta lotse. Ya ce tsarabar masu ziyarar ibada ce ta ɗaruruwan shekaru, ruwa mai tsarki suke zubowa a ciki.

Na ce, "Ashe ku ma kuna da zamzam ɗinku."

Ya yi dariya, ya ce wasu na ganin ba faɗuwa irinsu suka yi ba, binne su aka yi da gangan don gona ta yi albarka.

A Asabar ɗin ya nemi izinin duba bayan gidanmu, na ce bismilla. Can gindin katanga injin ya yi ƙara. Ya durƙusa ya tona, sai ga wata 'yar battar tagulla, ta yi tsanwa. Yana goge marfin na ga zanen Ka'aba. Battar almiski ce da mahaifina ya kawo wa Inna daga Makka, ba ta rabuwa da ita. A ciki akwai ƙyallen atamfa, an ƙulle wani abu baƙi, busasshe.

Na kira matata. Tana gani ta dafe ƙirji.

"Maigida, cibiyar yarinyar nan ce. Ranar da ta faɗi Inna ta karɓa, ta ce da ita za ta tafi, a gidanku na Funtuwa za a binne."

A al'adar gidanmu na Funtuwa, inda aka binne cibiyar yaro nan ne gidansa. Inna ta san wannan fiye da kowa. Ita da ko fita tsakar gida ba ta son yi saboda sanyi, ta sami lokacin da ba ma nan ta yi tono, kuma ba ta gaya wa kowa ba.

Dattijon ya tambaya ko zan ajiye ta a kan kanta, kamar yadda yake jera nasa. Na ce a'a, ya ara mini shebur ɗinsa. Na mayar da ita raminta, 'yata tana tsaye tana tambayata da Turanci mene ne a ciki. Na ce nata ne.

Tun daga ranar na daina auna mutum da maganar bakinsa kaɗai, balle iyaye. Albarkar da na yi shekaru ina nema a bakin Inna, ashe kullum ina taka ta in zan fitar da shara.