Allunan Yayana Biyar

Shekaranjiya maƙwabciyata ta jiƙa ƙaro za ta yi wa ɗanta maganin tari, ƙamshin ya ƙetaro katanga ya same ni ina tsintar shinkafa. Sai da na ajiye tiren. Ƙaro ba shi da ƙamshi mai ƙarfi, kai mai karatu wataƙila ko a hancinka aka kai ba za ka ji komai ba. Ni kuwa cikinsa na tashi, kuma da shi na yi kuskuren da har yau ban manta da shi ba.

Gidanmu yana yammacin Umdurman, bayan Kasuwar Libiya, gidan ƙasa ne da rumfar kara a tsakar gida, wadda muke kira rakuba. Kakanmu ya baro ƙasar Hausa da ƙafa da niyyar hajji, ya tsaya tsintar auduga a Jazira, tsayuwar da ta zama zama. Da ya tsufa sai ya koma koyar da yaran unguwa a rakubar. Shi yake haɗa tawadarsa da baƙin gindin tukunya da ƙaro. In yaro ya sauke, Kaka ne ke yi wa allonsa zayyana, baƙi da ja da rawaya, har mutane su zo kallo daga unguwar Alhilla Kuku mai nisa.

Yayana shi ne na farko a danginmu da ya shiga kulliya, wato jami'a, can Hartum, ƙetaren gada. Zane yake karanta, irin na bangon littafi da allon shago da takardun talla. Babanmu, da yake tela ne a kasuwa, bai taɓa gane amfanin abin ba. Amma bai taɓa ce masa ya bari ba, saboda bitaƙa, katin da ke nuna mutum ɗalibi ne. A shekarun nan sojoji kan tare mota a hanya su sauke samari, wanda ba shi da bitaƙa mai sabon hatimi a jefa shi babbar mota, sai sansani, daga sansani sai yaƙin Kudu. Kasha ake ce wa wannan kamen. Kullum Yaya zai fita sai Inna ta shafa aljihun rigarsa ta ji katin yana nan. Ni ma ina shafawa bayanta, don ban yarda da shafa ɗaya ba.

A shekarar ƙarshe ya faɗi jarrabawa. Ya daɗe yana kwaikwayon zanen mujallun waje da yake samu wurin masu tsofaffin littattafai, ustazunsa, malamin zane, ya ce masa hannunsa yana da kyau, amma abin da hannun ke yi ba nasa ba ne. Aka ba shi dama ɗaya. In ya sake faɗuwa an kore shi, bitaƙa ta mutu.

Daga nan ya fara zama kusa da Kaka. Yana kallon yadda ake fiƙe alƙalamin kara, da yadda rubutunmu yake da kauri da gajeren wuya, ba siriri kamar na littattafan Masar ba. Yana kwafar lallen ƙafar Inna, da launin faifan rufe abinci, da furannin da ake zanawa a bayan manyan motocin da ke lodi a kasuwa.

"Shekara huɗu kana hawa mota," in ji Kaka, "ashe nan za ka dawo, inda ka riƙa gudu ina bin ka da bulala."

Yaya ya yanke shawarar aikinsa na ƙarshe ba a takarda zai yi shi ba. Alluna biyar ya sa kafinta ya sassaƙa masa, irin na yaran Kaka, ya shafe su da farar ƙasa, ya yi wata uku yana zana su da tawadar gida. Ranar Asabar zai kai.

A rakubar nan akwai doka. Yaron da ya haddace abin da ke allonsa, ya biya wa Kaka, sai ya jingine allon fuskarsa na kallon bango. Wanda bai haddace ba ya bar nasa yana kallon tsakar gida. Aikina ne, ina 'yar shekara goma sha ɗaya, in kwashe masu kallon bango da safe in jiƙa su a baho, in wanke, in zuba ruwan a gindin dalbejiya inda ƙafa ba ta takawa. Ban taɓa makara ba. Ina tsoron a ce na bar rubutu mai tsarki a yashe.

Daren Talata da magariba Yaya ya yi wa allunansa shafar ƙarshe. Tawada mai ƙaro tana da ɗan zaƙi, ƙudaje na son ta. Sai ya juya su suna kallon bango, a jere da na yara.

Safiyar Laraba na kwashe su duka, rungume a ƙirjina, na nutsa a baho, na tafi kai wa Kaka shayi. Da na dawo ruwan ba baƙi ba ne kamar kullum. Ja ne ya gauraya da rawaya, kamar an yanka kaza a ciki. Na ciro na farko, tawadar na bin hannuna har gwiwar hannu. Na sa bakin mayafina ina dannawa wai in tsayar da ita, sai ƙara gogewa nake yi.

Ban ji fitowar Yaya ba. Ya tsaya a kaina da buroshin haƙori a hannu. Bai dake ni ba, da ma ya daka. Ya durƙusa ya ciro su ɗaya bayan ɗaya, ya jera a ƙasa, ya ce, "Halas." Wato shi ke nan.

Inna ta ɗora hannu a ka tana salati. Kaka ne ya lallabo da sandarsa, ya daɗe yana duban itacen, sannan ya ce wa Yaya, "A nan ba a wanke allo sai abin ya shiga kai. Ya shiga, ko bai shiga ba?"

"Ya shiga, Malam. Kwana uku ne ba su isa ba."

"To fara."

Kwana ukun nan ban san na ci abinci ba. Itace jiƙaƙƙe ba ya karɓar farar ƙasa. Muka shanya su a rana, zafin ya tsaga ɗaya gida biyu. Kaka ya sallami yara, ya zauna fiƙe alƙaluma. Inna tana dama tawada. Ni ina tsaye da faifai ina korar ƙuda, hannu ɗaya ya gaji in sauya, ina lissafa inuwar katanga tana matsowa, ina roƙon Allah ya riƙe ranar. Biyu kawai Yaya ya gama.

A kulliya ba su kayar da shi ba. Suka ce ya kawo sauran cikin mako uku, amma ba za a buga wa bitaƙarsa hatimi ba sai aikin ya cika. Inna ta hana shi ko leƙa ƙofar gida. Ya zauna ya gama ukun, har da sabon allon da ya maye gurbin tsagaggen, kuma Kaka ya ce sun fi na farko, ko da yake ban sani ba ko don ni ya faɗa. Sai dai dole shi da kansa zai kai. A bakin gada sojoji suka tare motarsu, aka tafi da shi.

Wata mai sayar da shayi da ta san Inna ce ta kawo mana allunan, naɗe cikin mayafinta. Washegari Baba ya rufe shago, ya sa jallabiyarsa ta sallah, ya ɗauke su ya shiga ƙofar kulliya, wadda bai taɓa shiga ba. Sun ce Yaya ya ci. Suka ba Baba takarda, ya riƙa yawo da ita daga wannan sansani zuwa wancan, ana ce masa gobe, har ranar da wani ya gaya masa an riga an wuce da su Kudu.

Shekara biyu da wani abu Yaya ya yi a can. Kaka bai ga dawowarsa ba. Ni na bar makaranta a tsakanin, don ba na iya zama a aji, duk motar da ta tsaya a titi sai in ga kamar labari aka kawo. Ya dawo a rame, hannunsa na dama yana rawa, bai ƙara iya jan layi da alƙalami ba.

Yanzu komai ya sauya. An rushe rakubar an yi ɗaki, yaran unguwa daga waya suke biya karatu. Yaya yana da ɗan shago, da kwamfuta yake aiki, ita ba ruwanta da rawar hannu. In ka ga allon shago mai rubutu mai kauri a wajen kasuwa, akwai yiwuwar nasa ne. Ɗalibai na zuwa tambayarsa inda ya samo salon, ya ce musu wurin wani tsoho ne da bai taɓa ganin kulliya ba.

Bara ne, bayan mun aurar da 'yarsa, na samu ƙarfin hali na ce ya yafe mini.

"Ƙanwata, ni na juya su," ya ce. "A rakubar nan na girma, na san dokar kafin a haife ki. Duk zaman da na yi a daji, abin da ke damuna shi ne na bar ki da wannan kaya."

Na ce masa to. Na ga ya ji sauƙi, shi ya sa ban ƙara komai ba. Amma ni na san hannun da ya nutsa su a ruwa, kuma da na juya ko ɗaya na duba, da ba haka ba.