Birtaniyar Hajja Mahasin

Duk wanda ya taɓa shan shayin Hajja Mahasin a unguwar Hayyin Ashir ya san garin da ɗanta Munzir yake, ko yana so ko ba ya so. Ni Fatu da muke bene ɗaya da ita, har na haddace shi, wallahi kamar a can aka yanke min cibi.

Ƙaramin gari ne a bakin teku, gidajen dutse masu ruwan toka, yayyafi kullum kamar an bar famfo a buɗe. Sau biyu a rana teku yakan janye, ya bar jiragen kamun kifi kwance a taɓo, tsofaffi su shiga da bokiti suna tsintar kawa, wata 'yar halittar teku mai ɓawo da ake ci. Munzir yana gyaran kifi a kasuwar bakin ruwa. Ya ce mata mutanen can suna yin wata aba kamar kisra, siririn burodin garinsu Hajja, da man shanu mai gishiri. Wannan ya fi komai faranta mata rai.

"Mutanen da suka san kisra ba za su cuci ɗana ba," in ji ta.

In ka tambaye ta ina ne garin, sai ta ce, "Birtaniya mana!" Haka ta ji a wayarsa, haka muka ɗauka.

Ran nan ya aiko da murya: ruwa ya janye, zai bi tsofaffin tsintar kawa, in ya fito zai kira. Bai kira ba. Wayar ma ta daina shiga.

Wata huɗu baiwar Allah tana rufe shayi da azahar, ta bi gidajen masu dangi a Landan. Unguwar Faisal, unguwar Ainu Shams, ba inda ba mu taka ba. Kowa ya ce ma'alish, a yi haƙuri, za a tambaya. Wasu sun tambaya da gaske, har da cigiya a masallatan can. Shiru.

Sai ran wata Talata, Isam, ɗalibi daga Zinder, ya zo shan shayi. Ta miƙa masa hoton Munzir kamar yadda take miƙa wa kowa. Ya ƙura wa allon da ke bayan yaron ido.

"Hajja, wannan ai Faransanci ne. Ba Ingila ba ce. Wani yanki ne a Faransa, sunan ne ya yi kama."

"Wane gari?" na ce.

"Yankin kawai aka rubuta. Kuma irin waɗannan garuruwan suna da yawa a can."

Kai! Na ji haushin kaina kamar in mari fuskata. Ni da nake taƙamar karatu, hoton nan sau nawa na riƙe shi?

Hajja ba ta yi kuka ba, da ma ta yi. Ta sauke butar, ta goge hannu da mayafinta, ta juyo gare ni.

"Fatu, a Landan na san mutum goma sha ɗaya. To a Faransa wa na sani?"