Saƙon Rasuwar Malam Isiyaku da Na Ƙi Gaskatawa

Da hantsin Asabar saƙon ya shigo wayata, daga lambar da ban sani ba: Malam Isiyaku, malamin lissafi na sashen kasuwanci da tattalin arziki a kwalejinmu, ya rasu. Na karanta, na yi tsaki, na ajiye wayar. Ranar Litinin ɗalibai za su rubuta jarrabawarsa ta kalkulas, kuma ba yau suka fara kashe shi da baki ba. Sun taɓa yaɗa cewa ya mutu don a ɗage jarrabawa, sai ga shi da takardun tambayoyi a hammata, yana cewa gawa ta zo sa ido.

Shi ya koya mini aljabara kafin mu zama abokan aiki, kuma a wurinsa na ɗauko rashin saurin yarda. Amsar da ta fito daidai ta fi kuskure tayar masa da hankali. Sai ya sauke tabarau, ya ƙura wa ɗalibi ido, ya ce, "Na ga inda ka sauka. Ta ina ka biyo?" Ɗalibai suna ganin mugunta ce. Shi kuwa cewa yake, ɗan kasuwar da bai san yadda ribarsa ta fito ba, wata rana zai karɓi asara yana godiya. Duk da haka, bai taɓa tona wanda ya zarga da satar amsa a gaban aji ba. Ofis yake kiransa, ya miƙa masa biro, ya zauna da shi har ya gane.

Na kira wayar Malam, a kashe, na ce caji ne. Na kira baƙuwar lambar, ba a ɗauka ba, zargina ya ƙaru. Sai bayan azahar Madam Ladi, abokiyar aikinmu da ke Nasarawa, ta kira ni.

"Malam Sani, kana ina? Har an ɗauke shi."

Na isa gidan Malam a Tudun Wada mutane na dawowa daga maƙabarta. Ashe lambar ta ƙanensa ce. Ni ya fara tura wa, domin Malam ya bar wasiyya in kasance cikin masu sa shi a kabari. Sun jira ni har liman ya ce a tashi. Abin nan yana ci mini rai.

Allah Ya gafarta masa, Ya haskaka kabarinsa, Ya ba matarsa Hajiya Rabi da yaransu haƙuri, Ya tsaya musu. Sallar da ban samu yi masa ba, ya Allah, Ka karɓi wannan addu'a a madadinta.