Keken Yaya da Kunnen Jita

Yayata da ɗinki ta fara. Shekara talatin da ɗoriya tana taka keke a ɗakin bayan shagon mijinta, mutanen layi suna zaton riguna take ɗinkawa. Alhali tun shekara ta biyar da aurensu ta cire allurar keken, ba ta sake mayar da ita ba.

Mijin mai gyaran rediyo ne. Daga baya masu kaɗa jitar lantarki suka gano shi, suna kawo masa amfilifaya, na'urar ƙara sauti, in ta ƙone. Ni na yi sakandare, ita ba ta yi ba, amma ita ta koya mini yadda abin yake. Jitar lantarki katako ce kawai in babu wani ɗan abu da ke ƙarƙashin tsirkiyoyinta, bai fi kwalin ashana biyu ba. Maganaɗisu ne aka naɗe da wayar jan ƙarfe siririya kamar gashi, zagaye dubbai. Shi ke jin motsin tsirkiya ya miƙa wa amfilifaya. Yaya kunne take ce masa.

In kunne ya mutu sai an sake naɗi, mijinta kuwa yatsunsa kamar taɓare, da ya taɓa wayar ta tsinke. Sai ita ta ɗaure abin a jikin wilin keke tana takawa, wayar tana bi ta tsakanin yatsunta biyu. In ta rage naɗi, sauti ya fito garau da kaifi. In ta cika shi, ya yi kauri, ya danni amfilifaya har 'yan kwalaben lantarkin da ke cikinta su ƙoshi su fara gurnani. Masu kiɗan rok rabin gurnani suke so. Masu kiɗan metal so suke a ji kamar ana zarton ƙarfe, su take jera wa kunne biyu, ɗaya yana kashe ƙugin ɗaya. Ni kiɗan nan ciwon kai yake sa ni. Ita ma ban taɓa jin ta ce yana burge ta ba. Cewa take yi, "Tela ba sai ya iya sa rigar ba."

In ta gama, mijin ya ɗauka ya fita gaban shago ya ce, "Na gama." Haka aka zauna har ya rasu.

Bayan wata biyar dangi suka yi zama, suka ba ƙanen mijin shagon da duk abin da ke ciki, har keken. Injiniya ake ce masa, sunan da ya raɗa wa kansa. Ita kuma aka ce ta koma gidan ɗanta ta huta.

Yaya ta ce, "Wa ya gaya muku na gaji?"

Injiniya ya yi dariya. "Matar Yaya, ai aikin lantarki ba ɗinkin ɗankwali ba ne. Ki bar wa masu abin."

"To, Allah ya ba da sa'a. Keken fa?"

"Yana cikin kayan shago."

Ina wurin. Na buɗe baki zan faɗi wanda ke naɗin, ta taka mini ƙafa.

A gidan ɗanta aka ba ta ɗaki mai labule da talabijin. Wata biyu tana zaune, ƙafarta ta dama tana taka keken da babu. Ta rame. Ba kewar miji ba ce, kada a yi mata ƙarya. Ta yi kukansa ta gama. Aikinta aka ƙwace.

Wata ranar Asabar da hantsi ina gidan sai ga Dogo. Direban bas ne, ya haura hamsin, ga sanƙo ga tumbi, amma shi ke kaɗa jita a wata ƙungiyar metal da ke atisaye a tsohon sito bayan layin masu walda. Ya durƙusa ya gaida ta, ya ce ko marigayi ya bar wani littafi da yake rubuta sirrin aikinsa.

"Me ya faru?"

"Mama, sau uku Injiniya yana naɗa mini kunnen jitata. Ya sayo inji mai aiki da lantarki, mai ƙirga zagaye da kansa. Naɗin kamar a sa a gilas don kyau. A hankali lafiya lau. Da na murɗa amfilifaya sama sai ta ɗauki ihu kamar an taka wutsiyar kare. Mai gangarmu ya ce in ban gyara ba in koma sallar dare, ta fi mini lada."

Ya ciro kunnen ya miƙa mata, ta karɓa, ta ɗalle shi da farce, ta kara a nata kunnen.

"Tukunyar da ke ƙarƙashin tebur, ina ya kai ta?"

"Mai daskararren mai? Ya zubar. Ya ce kayan gyaran gashinki ne."

Yaya ta yi dariyar da ban ji ta yi ba tun rasuwar. Ta ce waya tana rawa a ciki, shi ke nan. In ƙara ta yi yawa, lasifika ta girgiza wayar, wayar ta mayar wa amfilifaya, suna ta ba juna amsa har ihu ya tashi. Kakin da ke tukunyar nan shi ke riƙe wayar ya hana ta rawa. Ta aike ni in sayo kyandir huɗu da kakin zuma. Ta narka su a gwangwani cikin ruwan zafi, ta tsoma kunnen, ta zauna tana kallo har kumfar ƙarshe ta fito.

Dogo ya daɗe yana kallon hannunta. "Mama, dama ke ce?"

"A'a, aljanu ne."

Da la'asar ya kwashe mu a bas ɗinsa zuwa sito. Na toshe kunne da auduga. Ya murɗa amfilifaya har ƙarshe, ya daki tsirkiya. Kwanon rufi ya ɗauka, na ji abin a haƙorana. Gurnani ne mai kauri, ya ja dogo ya mutu a hankali, babu ihu ko kaɗan. Yaya ta tsaya gaban lasifika da mayafinta, hannu a ƙugu.

"Naɗin ya yi tsabta da yawa," ta ce. "Babu rai. Inji bai san ya karkace ba. In ka samu hali kawo in kwance."

Kwana biyu sai ga Injiniya da ledar lemo. Labari ya riga ya zaga, masu jita sun fara janye kayansu daga shagon.

"Matar Yaya, ai da kin faɗa."

"Da ka tambaya."

"To a yi yadda kuka saba da marigayi. In kawo miki keken nan gida, ki yi a ɗaki, ni in miƙa a shago. Ba wanda zai ji."

"Shi mijina ne, na rufa masa asiri. Kai me kake a wurina?"

Ɗanta ya shigo maganar. "Umma, mace mai shekarunki, ƙartai masu sarƙa a wuya suna sintiri a ƙofar gidana? Me maƙwabta za su ce?"

"Da kuɗin ƙartan nan ka yi makaranta. Ka tambayi maƙwabtan da me suka yi tasu."

Injiniya ya ce keken dai na shago ne, dangi sun yanke. Yaya ta tashi ta ɗauki mayafinta, ta ce mini, "Taso." Muka je shagon da rana tsaka, layi cike da mutane. Ta kwance kan keken da sukudireba ta rungume shi, ni na ja ƙafafun. Tsofaffi biyu muna nishi. Injiniya yana tsaye a ƙofa, ya dubi masu walda da suka bar aiki suna kallo, ya matsa gefe.

Ba ta koma gidan ɗanta ba. A barandata ta kafa keken, fuskarsa na kallon titi. Na ce mata ban yarda a gwada jita a gidana ba, ta ce ta ji. Jiya an gwada uku.