Ciyawar Roba da Ruwan Alwalar Mahaifiyata

Shekarun baya, lokacin da damina ta yi ta saɓa wa ƙasar Damagaram alkawari, na je ƙauyenmu da ke kusa da Gaffati na ɗauko mahaifiyata. Gero ya ƙone tun bai kai gwiwa ba, kuma cikin dabbobinta akuya ɗaya ce ta rage. Ba da son ranta ta biyo ni ba. Tun muna cikin mota ta ce, "Kwana biyu zan yi muku, in koma."

Na san abin da ke jiranta can idan ta koma: rumbu babu komai, maƙwabta duk sun watse. Don haka babban abin da ya dame ni a wannan shekara shi ne yadda zan sa ta zauna.

A bayan gidana akwai wani fili da na daɗe ina son gyara wa yarana, su riƙa buga ƙwallo a gida maimakon bakin titi. Abokina, wanda muke koyarwa a lakwal ɗaya, wato makarantar boko, ya kafe a kan a zuba tsakuwa. Yana da dalilinsa, domin shi ma'abocin wasan bul ne, wanda ake jefa ƙwallayen ƙarfe a kan tsakuwa.

"Mushe," in ji shi, kamar yadda ake kiran malamin lakwal a nan, "garin da duwatsu suka kewaye, kai kuma za ka aika Kano a sayo maka ciyawar ƙarya? Zuba tsakuwa a daddaɓe. Yara su yi ƙwallonsu da safe, mu manya mu yi namu bayan la'asar."

Na kawo masa hujjoji irin na wanda ya zauna a jami'a. Na ce tsakuwa tana ƙuje gwiwar yaro, tana cinye takalmi, kuma ƙwallo ba ta gudu daidai a kanta. Duk gaskiya ne, amma ba su ne ainihin dalilina ba. Kullum da hantsi nakan ga mahaifiyata zaune a bakin wannan fili, tana kallon jar ƙasa kamar mai jiran wani. Sai na raya a zuciyata cewa idan idonta ya ga kore, ko na roba ne, wataƙila hankalinta zai kwanta.

Ranar da aka shimfiɗa ciyawar, akuyar nan, wadda muka taho da ita daga ƙauye, ita ce ta fara yanke hukunci. Ta tsinke igiya, ta ruga da gudu, ta kafa baki, ta ja, ta sake ja, sannan ta ɗago kai ta dube ni. Abokina ya yi dariya har da riƙe bango.

"Ka gani? Ko akuya ta gane digirinka bai yi aiki ba."

Mahaifiyata ba ta yi dariya ba. Ta durƙusa, ta shafa ciyawar da tafin hannu, ta shinshina yatsunta, ta ce, "Ba ta da ƙamshi." Ta tashi ta shige ɗaki. Na ɗauka shi ke nan, na yi asara.

Washegari da safe sai na ga wani abu. Ta idar da alwala a kan ƙaramin kwano, kamar yadda ta saba don kada ruwan ya bi ƙasa a banza, ta ɗauki kwanon ta nufi kusurwar filin ta jikin katanga, ta zuba a hankali. Haka ta yi da azahar, haka da la'asar. A ƙauye, ruwan alwalarta gindin zogale yake tafiya, ko gindin yakuwa. A lokacin nan kuwa ruwa a nan Zinder sai an bi masu garuwa da lallashi, famfo yakan yi kwanaki bai ce uffan ba.

Uwargidana ta ce, "Malam, ka gaya wa Inna mana. Kar ta ji a bakin yara, ta ji kunya."

Na kasa. Na lura tun da ta fara wannan hidima ta daina zancen komawa, kuma ina tsoron in faɗi gaskiya in tsinke zaren da ya riƙe ta. Amma kuma ina jin nauyin barin mahaifiyata cikin ruɗu a gidana. Na yi ta juya maganar, ni da nake koya wa 'ya'yan mutane cewa gaskiya ba ta da madadi.

Wata ranar Juma'a na same ta a kusurwar, kwano a hannu. Na rage tsawo na ce, "Inna, wannan ciyawar fa roba ce. Ba ta shan ruwa."

Ba ta juyo ba. Ba ta taɓa kiran sunana ba, kasancewata ɗan fari, don haka ta ce, "Kai ɗan nan, ni da na tsufa ina cirar ciyawa, ni za ka gaya wa roba?"

"To me ya sa kike ba ta ruwa?"

"Ina kake so in zuba? A kan dutse?" Ta ƙarasa juye kwanon. "Hannuna ya saba ba wani abu ruwa. In na bari ya manta, ranar da Allah Ya sauko da damina me zan yi da shi?"

Ta zauna tare da mu har ruwa ya dawo, ta je ta yi shuka, ta dawo da kanta bayan girbi. Daga nan ta raba shekara biyu, damina can, rani nan, har Allah Ya karɓi abinsa.

Nakan tambayi kaina ko zaɓin da na yi daidai ne. Ciyawar tana ɗaukar zafi da rana har ba a iya taka ta ba takalmi, kuma ta koɗe da wuri. Ta fuskar wasa, mai yiwuwa abokina ya fi ni gaskiya. Abin da na sani kawai shi ne, ba wanda zai ɗauki kwano ya je ya shayar da tsakuwa. Na so in ba idonta abin kallo, ita kuwa wurin da za ta sa hannu take nema.

Tun tana raye, a daidai kusurwar nan, inda bakin ciyawar ya ɗan ɗage daga katanga, wani tsiro ya leƙo. Zogale ne. Ban sani ba ko iska ce ta kawo irin, ko ita ta tura shi da yatsa. Ban tambaye ta ba. Na sa wuƙa na yanke robar na buɗe masa wuri.

Yanzu ya wuce katanga. Abokina, wanda gemunsa ya yi fari kamar nawa, har gobe yana cewa na lalata kusurwar fili, ba a iya bugun kwana daga can. Nakan ce masa haka ne. Idan na idar da alwala kuma, nakan ɗauki kwanon in nufi wurin.